Ciwon gaɓar muƙamuƙi: kunne ake zargi, haƙori ake cirewa

Duk wanda ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki, zai ji wani abu yana motsi. Wannan ita ce gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kuma babu wadda ke motsi ba tare da ƴar'uwarta ba. Tsakanin ƙasusuwan akwai ɗan faifan guringuntsi mai aikin matashi, yana zamewa gaba in an buɗe baki, ya koma in an rufe.

Idan gaɓar ta sami matsala, ba safai mai ciwon ke gane ta ba. Kunne yake ji yana zogi, ko gefen kai, ko haƙoran tauna na can ciki. Sai a ɗiga magani a kunne mai lafiya, ko a cire haƙorin da bai yi laifin komai ba, ciwo kuwa yana nan. Ruɗanin ba sabo ba ne: a shekarar 1934 wani likitan kunne na Amurka, James Costen, ya bayyana marasa lafiya masu kukan kunne alhali tushen ciwonsu muƙamuƙi ne. Alamun da ke tona asirin gaɓar su ne zafi lokacin tauna, ƙara in an buɗe baki, da bakin da ke maƙalewa. Baligi mai lafiya yana iya jera yatsu 3 tsakanin haƙoransa na gaba, kimanin milimita 40 ke nan. Ƙarar kaɗai, in babu zafi, ba ta bukatar magani.

Ciwon ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40. Daga cikin abubuwan da ke iya rura shi akwai datse haƙora da gurza su cikin barci, kuma damuwa tana ƙara shi. Ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a duwan, da ma'aikacin da albashi ya ƙare masa tun tsakiyar wata, sukan kwana haƙora a datse ba su sani ba. Sau da yawa uwargida ce ke fara jin ƙarar da dare. Da safe a tashi da ciwon kai da gajiyar muƙamuƙi. Sai kuma wahalar da ake ɗora wa gaɓar da rana: goro, cingam, kilishi, rake, goruba, da buɗe kwalba da haƙori. Duka a fuska, faɗuwar kabu-kabu da amosanin gaɓɓai su ma suna haddasa shi.

Yawancin masu ciwon suna samun sauƙi ba tare da fiɗa ba. Likitoci kan fara da hutar da gaɓar: abinci mai laushi na ƴan makonni, gashi da tsumman ruwan ɗumi, tausa, da riƙe haɓa lokacin hamma. Ana kuma koya wa mutum ya bar haƙoransa a rabe in ba tauna yake ba. Parasetamol ko ibuprofen na ƴan kwanaki yana rage zafi, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisanci ibuprofen sai da izinin likita. Tramol ɗin ƴan tebur ba ya warkar da gaɓa, wata masifar yake jawowa. Ga mai gurza haƙora, likitan haƙori yana auna bakinsa ya yi masa murfin roba, gutiyar a Faransanci, da zai sa da dare. Kankare haƙora don wai a daidaita cizo kuwa, bincike bai tabbatar da amfaninsa ba, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Akwai lokutan da jira kuskure ne. Idan muƙamuƙi ya goce bayan hamma, baki ya ƙi rufuwa, a tafi asibiti nan take. Likita yana danna haƙoran ƙasa na ciki da manyan yatsu ya mai da shi, dabarar da aka sani tun zamanin Ibukarata. Bakin da ya sandare bayan rauni yana iya zama tetanos, wanda ke kisa. Haka nan kumburi da zazzaɓi na nuna ƙurji a gindin haƙori.

Mafi tsanani shi ne na yara. Yaron da ya faɗi a kan haɓarsa, gaɓar ta karye ba a duba ba, ƙashin kan manne a hankali har baki ya daina buɗuwa. Ciwon noma, mai cin fuskar yaran da ke fama da tamowa, shi ma yakan bar muƙamuƙi a kulle. Ƙungiyar Sentinelles ta Suwis ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Fiɗa ce kawai ke buɗe irin wannan bakin, sannan a bi ta da atisayen buɗe baki na watanni, in ba haka ba ya sake kullewa.