Lafiyar Ɗan Adam A Sararin Sama: Abin Da Ya Shafe Mu A Ciki

Mutumin da ke sayar da agushi a kasuwar Karu, ta Birnin Tarayya Abuja, ba zai taɓa zaton hajarsa za ta kai sararin sama ba. To, amma a watan Agusta na 2025 an ɗauki ƙwayoyin agushi daga Nijeriya zuwa tashar binciken sararin sama ta ƙasa da ƙasa, domin masana su ga yadda zaman can zai taɓa su. Kafin wannan, ranar 29 ga Yuni na shekarar, wani lauya ɗan ƙasar nan, Owolabi Salis, ya yi tafiyar 'yan mintoci cikin kumbon Blue Origin. Ashe kuwa lokaci ya yi da za mu tambaya: yaya jikin ɗan Adam yake yi a can?

Tashar nan tana shawagi kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, kuma mazaunanta ba su jin nauyin jikinsu. Saboda haka jini da ruwan jiki sukan taru a kai, fuska ta kumbura, ganin waɗansu ya raunana. Tsoka takan saki. Ƙashin ƙugu da na ƙafa kuwa sukan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwarinsu kowane wata, domin ƙashi ba ya riƙe ƙarfinsa sai yana ɗaukar kaya. Maganin da likitoci suka samo shi ne motsa jiki na wajen awa 2 kullum. Wani likitan Rasha, Valeri Polyakov, ya gwada abin a jikinsa: ya zauna kwana 437 cikin tashar Mir, daga 1994 zuwa 1995.

Mai karatu zai ce, ina ruwan biri da gada? Akwai ruwa ƙwarai. Masana kan kwantar da lafiyayyun mutane a gado makonni da yawa don su kwaikwayi zaman sama, sai su tarar da irin wannan lalacewar ƙashi da tsoka. Watau dattijon da jinya ta kwantar a Babban Asibitin Karu, ko a ɗakinsa, yana fama da abin da ke damun 'yan sama jannati. Tausayin da ke sa iyali su hana shi ko da zama a bakin gado yana iya zama cuta.

Hukumar binciken sararin sama ta Nijeriya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, hedkwatarta tana Abuja. Ya kamata ta riƙa isar da wannan ilmi ga jama'a cikin harsunansu.

Ku kuma masu jinya, da zarar likita ya yarda, ku tallafi majiyyaci ya zauna, ya miƙe, ya taka ko da zuwa ƙofar ɗaki ne. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.