Ba jabun magani kaɗai ke kashe ƙoda ba

A Ƙaura Namoda ko Zurmi, da zarar an ji ƙodar wani ta daina aiki, sai a ɗora wa jabun magani laifi. Jabu na nan, babu musu. Amma ƙwaya mai lambar NAFDAC ma takan yi ɓarna idan ta tarar da wata a ciki, kuma wannan ne ba a cika son ji ba.

A ɗauki dattijo mai hawan jini, wanda likita ya ɗora a kan lisinopril da ƙwayar sa fitsari. Gwiwa ta matsa masa, ya aiki yaro kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, aka ƙullo masa haɗin ciwon jiki a leda: diclofenac, piroxicam da 'yar mitsitsiyar dexamethasone. Biyun farko gida ɗaya suka fito da ibuprofen, don haka haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ƙarawa. Aikinsu hana jiki samar da prostaglandin, sinadarin da ke jawo zafi da kumburi. To amma shi ne kuma ke kare bangon ciki, yake buɗe wa jini hanyar shiga ƙoda. Lamarin kamar fangalin mai noman rani ne: ƙwayar fitsari ta rage ruwan rijiya, lisinopril ya saki mafita, diclofenac ya zo ya matse mashiga. In aka ƙara da zafin Afrilu, ko azumi, ko gudawa, ƙoda na iya durƙushewa cikin 'yan kwanaki. Dexamethasone kuwa gyambon ciki take taya diclofenac da piroxicam haƙawa, har a fara baƙin bayan gida, alamar zubar jini.

Za a ce likita ya yi nisa, hanyar Gusau ba kullum take biyuwa ba, manomi kuma ba zai bar gona yana jiran layin asibiti ba. Gaskiya ne, shi ya sa nauyin ya koma kan mai kemis. Tambayar "Baba, wane magani kake sha?" ba ta cin ko kwabo, kuma ga farasitamol, wanda ba dangin su diclofenac ba ne, in dai ba a wuce ƙa'ida ba. Sai dai hukumomin da ke ba masu shagunan nan lasisi sun fi zafin nama wajen duba takarda. Ƙwayoyin da aka ɓare daga kwalinsu aka zuba a leda babu suna, ba kasafai ake jin an tambayi wanda ya haɗa su ba.