Lamunin sayen gida ga mai sana'ar kansa da ya taɓa samun matsalar bashi

Lamunin sayen gida rance ne na dogon lokaci, galibi na shekara 25 ko fiye, wanda banki ke bai wa mutum domin ya sayi gida, a riƙe gidan a matsayin jingina har sai an gama biya. Idan mai rancen ya kasa biya, banki na iya zuwa kotu ya karɓe gidan ya sayar. Kalmar da Turawa ke kiran wannan rance da ita, mortgage, ta samo asali ne daga tsohon Faransanci, kuma ma'anarta ita ce "matacciyar jingina".

A Birtaniya da Amurka, inda yawancin masu sayen gida ke bin wannan hanya, mutane iri biyu kan sha wahala kafin su samu. Na farko shi ne mai sana'ar kansa, kamar magini, mai aikin lantarki, direba ko masanin kwamfuta da ke aiki bisa kwangila, domin ba shi da takardar albashi ta wata-wata. Na biyu shi ne wanda ya taɓa kasa biyan wani bashi. Wanda ya haɗa duka biyun doka ba ta hana a ba shi rance ba, amma akan nemi ya kawo ƙarin takardu, ya ajiye kafin alƙalami mai yawa, ya kuma biya kuɗin ruwa sama da na sauran mutane. Wannan maƙala ta fi mayar da hankali ga tsarin Birtaniya.

Tarihi

Kafin rikicin tattalin arzikin duniya na shekarar 2008, bankuna da dama a Birtaniya suna bayar da wani nau'in lamuni da mutum zai faɗi abin da yake samu da bakinsa, a yarda ba tare da an nemi shaida ba. An ƙirƙiro shi ne domin masu sana'ar kansu, amma daga baya ya zama hanyar da mutane ke ƙara gishiri a kan kuɗin shigarsu su karɓi abin da ya fi ƙarfinsu. A wannan zamani ne bankin Northern Rock ke bayar da rancen da ya kai kashi 125 cikin 100 na darajar gida. A watan Satumba na 2007 masu ajiya suka yi dogayen layuka suna kwashe kuɗinsu daga bankin, kuma a watan Fabrairu na 2008 gwamnati ta karɓe shi.

A shekarar 2009 hukumar da ke sa ido a kan harkokin kuɗi a lokacin, FSA, ta kawo shawarar a daina irin wannan lamuni. Magajiyarta, FCA, ita ce ta fara aiki da sababbin ƙa'idoji a ranar 26 ga Afrilu, 2014. Tun daga nan ya zama wajibi mai bayar da lamuni ya tabbatar da kuɗin shigar mai nema da takardu, ya kuma duba abin da yake kashewa domin a san ko zai iya biya. A wannan shekarar kuma Babban Bankin Ingila ya taƙaita yawan lamunin da ya kai ninki huɗu da rabi na kuɗin shigar mutum a shekara, inda ya ce kada ya wuce kashi 15 cikin 100 na sababbin lamunin gidaje.

Yadda ake lissafin kuɗin shiga

Banki ba ya duba kuɗin da suka ratsa hannun mai sana'a, ribar da ya bayyana wa hukumar haraji ta HMRC yake dubawa. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ne daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Akan nemi takardar lissafin haraji da ake kira SA302 ta shekara biyu ko uku, da bayanan asusun banki na 'yan watannin baya. Wasu masu bayar da lamuni kan karɓi ta shekara ɗaya. Idan riba tana ƙaruwa, yawanci akan ɗauki matsakaicin shekara biyu. Idan tana raguwa, sai a ɗauki ta shekarar ƙarshe.

A nan ne mai sana'a kan faɗa tsaka mai wuya. Doka ta ba shi damar cire kuɗin kayan aiki, man mota da makamantansu kafin a yanka masa haraji, amma duk abin da ya cire yana rage adadin da banki zai gani. Misali, maginin da ya yi cinikin fam 60,000 a shekara, ya cire fam 25,000 na ɗawainiyar aiki, a wurin banki mai samun fam 35,000 ne. Idan aka ninka sau huɗu da rabi, abin da za a iya ranta masa bai wuce fam 157,500 ba.

Wanda ke aiki ta ƙaramin kamfaninsa, akan haɗa albashin da yake biyan kansa da rabon ribar da ya ɗauka. Wasu bankuna kan haɗa har da ribar da ya bari a cikin kamfanin. Shi kuwa ɗan kwangilar da ake biya bisa kuɗin yini, akwai masu bayar da lamuni da ke lissafi da takardar kwangilarsa kai tsaye: a ninka kuɗin yini sau 5, a sake ninkawa da mako 46, wato an cire makonnin hutu da na zaman jiran aiki. Mai karɓar fam 300 a yini zai tashi da fam 69,000 a shekara. Sai dai akan so a ga ya daɗe a cikin sana'ar, kwangilar tana da sauran lokaci, kuma babu dogon giɓi tsakanin wannan aiki da wancan.

Tarihin bashi

Manyan kamfanoni uku ne ke ajiye bayanan yadda mutane ke biyan bashi a Birtaniya: Experian, Equifax da TransUnion. Kowane mutum yana da haƙƙin ganin bayanansa kyauta. Matsalolin da ake rubutawa sun bambanta wajen nauyi. Mafi sauƙi shi ne jinkirin biya na wata ɗaya ko biyu. Sai kasa biya baki ɗaya, inda mai bin bashi ya rufe asusun. Sai hukuncin kotun yanki a Ingila da Wales, wanda ake taƙaitawa da CCJ. Mafi nauyi su ne yarjejeniyar biyan bashi a hukumance da ake kira IVA, da ayyana karayar arziki a kotu, da kuma ƙwace gidan da aka taɓa jinginarwa.

Galibin waɗannan bayanai suna zama a rubuce tsawon shekara 6, sannan su fita. Hukuncin CCJ da aka biya gaba ɗaya cikin wata ɗaya da yanke shi akan goge shi daga rajista. Idan an biya bayan haka, yana nan har shekara 6, amma za a nuna cewa an biya. Wanda aka ayyana karayar arzikinsa yawanci akan sallame shi bayan wata 12, amma tabon yana nan a bayanansa.

Masu bayar da lamuni kan duba abu huɗu: girman bashin, daɗewarsa, ko an biya shi, da kuma irinsa. Tsohon bashin wayar salula na fam 200 da aka biya shekara huɗu da suka wuce ba ɗaya yake da kasa biyan kuɗin gida a bara ba. Wannan matsala ta fi addabar 'yan kwangila, domin sau da yawa jinkirin ba daga gare su yake ba: wanda ya ba su aiki ne ya riƙe musu kuɗi, wata ya ƙare, bashi ya hau kansu.

Sharuɗɗa da tsada

Manyan bankuna kan yi amfani da kwamfuta wajen tantance masu nema, kuma sau da yawa takan ƙi mai irin wannan tarihi nan take. Saboda haka aka sami ƙananan kamfanonin lamuni da wasu ƙungiyoyin adashin gina gidaje da ke sa ma'aikaci ya karanta takardun mutum da idonsa. Da yawansu ba a isa gare su sai ta hannun dillalin lamuni mai rajista da FCA.

Mai tsaftataccen tarihi na iya samun lamuni da kafin alƙalami na kashi 5 cikin 100 na kuɗin gida. Mai tabo akan nemi kashi 15 ko fiye daga gare shi, gwargwadon nauyin matsalar. A gidan fam 200,000, kashi 5 fam 10,000 ne, kashi 20 kuwa fam 40,000. Kuɗin ruwa ma yakan ƙaru. A misali, rancen fam 160,000 na shekara 25 a kan kashi 4.5 zai sa a riƙa biyan kusan fam 889 a wata, amma a kan kashi 6.5 zai kai kusan fam 1,080. Da yawa kan karɓi mai tsadar na shekara biyu ko uku, idan tabon ya tsufa ko ya fita sai su koma wani banki mai sauƙi. Haɗarin shi ne kuɗin ruwa na iya tashi kafin lokacin, kamar yadda Babban Bankin Ingila ya ɗaga nasa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a watan Agusta na 2023.

Shirin da akan yi kafin nema

Masu ba da shawara kan ce mutum ya fara da karanta bayanansa a duka kamfanonin uku, ya nemi a gyara kuskure idan akwai. Yana kuma iya ƙara bayani na kalmomin da ba su wuce 200 ba game da dalilin matsalar, kamar rashin lafiya. Yin rajistar zaɓe a adireshin da yake zaune yana taimakawa wajen tabbatar da ko shi wane ne. Akan kuma gargaɗe shi da ya guji neman rance a wurare da yawa a jere, domin kowane cikakken bincike yana barin alama, ya kuma nisanci rancen gaggawa mai tsadar ruwa. Ɓoye tsohon bashi ko ƙara kuɗin shiga a takardar nema zamba ce a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006.

Hanyar da babu ruwa

Musulmin da ke guje wa riba suna da wani tsari da doka ta amince da shi a Birtaniya, inda banki da mai saye ke mallakar gidan tare. Mai sayen yana biyan haya a kan kason banki, yana kuma sayen kason a hankali har gidan ya zama nasa. Bankunan Al Rayan da Gatehouse na cikin waɗanda aka sani da wannan tsari. A nan ma ana duba takardun haraji da tarihin bashi kamar yadda ake yi a sauran bankuna.

A Amurka

A Amurka ma, dokar Dodd-Frank ta 2010 ta kawo ƙa'idar tabbatar da iya biya, wadda ta fara aiki a watan Janairu na 2014. Yawanci akan nemi takardun haraji na shekara biyu. Ana auna mutum da makin FICO, daga 300 zuwa 850. A lamunin da hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ke tsaya wa, mai maki 580 ko fiye na iya ajiye kashi 3.5, mai 500 zuwa 579 kuwa sai kashi 10. Yawancin munanan bayanai suna fita bayan shekara 7, amma karayar arziki ta Babi na 7 tana kai shekara 10 a rubuce, ko da yake FHA kan saurari mai nema shekara biyu bayan kotu ta sallame shi.