Tsagar da Ke Ɓoye a Jikin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da jirgi mai saukar ungulu sa'ad da farfelarsa ke juyawa, ya ji yadda ƙasa kanta ke rawa, ba zai yi mamaki ba in an ce masa wannan girgiza, wadda ba ta yankewa tun daga tashi har sauka, ita ce illar da ke cin gangar jikinsa sannu a hankali. Gama alminiyon da ake ƙera shi da shi, in ya daɗe yana tanƙwaruwa yana miƙewa, gajiya yake yi, har wata 'yar tsaga ta ɓullo a bakin ramin ƙusa, ko a mahaɗar wutsiya da gangar jiki, ko inda aka ɗaure akwatin giya. Jiragen da ke jigilar ma'aikatan mai a Neja Delta kuwa, gishirin iskar teku yana ƙara musu da zaizayar ƙarfe.

Binciken yakan fara da ido, da tocila da gilashin ƙara girma, amma saboda ido ba hujja ba ne ga abin da ya fi gashi siranta, sai a shafa jan ruwa mai kutsawa, a goge, a fesa farin gari, wanda zai tsotso jan daga cikin tsagar ya bayyana ta; ko a bi wurin da na'urar da ke cusa wa ƙarfe lantarki, ta nuna inda gudunsa ya karkace. Bangon jirgin da aka manna bisa abu mai siffar saƙar zuma kuwa ƙwanƙwasa shi ake yi, kamar yadda mai sayen tukunya ke sauraren amonta. Wannan dabara, wadda jahili zai raina, ita hukumar kiyaye lafiyar jiragen Turai ta wajabta bayan wutsiyar wani jirgi samfurin AW139 ta karye a filin jirgin Doha a 2009, yana tafiya a ƙasa.

Idan an sami tsaga, ba a yin gyara da ra'ayi, sai da nassin littafin masana'anta. Huda ɗan rami a ƙarshenta yana rage mata gudu, amma jinkiri ne kawai; magani shi ne a yanke wurin, a ɗora faci mai kauri da irin ƙarfen da aka ƙayyade, a jera ƙusoshi bisa ƙa'ida, ko a musanya sashen ɗungum.

A ganina mafi nauyin aikin shi ne sa hannu, domin shaida ce bisa rayukan bayin Allah, kuma a Nijeriya jirgi ba ya komawa aiki sai injiniya mai lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ya rubuta a littafinsa abin da ya gani, da abin da ya gyara, da lokacin da za a sake duba wurin.