Yadda Za Ka Shiga Maraɗi Kamar Ɗan Gida: Darasi Daga Iyakar Jibiya

"Baba, burodin nan nawa?"

"Arba'in," in ji dattijon, bai ko ɗago kai ba.

Na laluba aljihu na zaro ƙwandalar sefa 50 na miƙa masa, na tsaya ina jiran canji. Ya dubi ƙwandalar, ya dube ni, sannan ya juya wajen kawuna yana murmushi. "Alhaji, yaron nan yau ya fara tsallakowa ko?"

A garin Ɗan Isa ke nan, ba mu fi minti ashirin da baro iyakar Jibiya ba. Na taso daga Katsina da tabbacin babu wanda zai gane ni baƙo ne, tunda fuskarmu ɗaya da mutanen wurin, harshenmu ɗaya, kaftanina ma irin nasu ne. Amma burodi guda ya tona mini asiri. A Nijar ba a lissafin ƙananan kuɗi da sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake yi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Da dattijon ya ce arba'in, dala arba'in yake nufi, wato sefa 200.

Na raka kawuna ne bikin 'yar gwaggona a Maraɗi lokacin hutun jami'a. Kwana shida na yi, kuma abin da na koya shi nake so in ba ƙannena 'yan sakandare, domin da yawanku wannan ce ƙasar waje ta farko da za ku taka.

Ƙasar waje a bayan gida

Daga birnin Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, ya fi Kano kusa. Za ka bi ta Jibiya ka isa Magama, inda ofisoshin shige-da-fice da na kwastan na Najeriya suke. Da ka wuce su ka shiga Jamhuriyar Nijar, garin farko shi ne Ɗan Isa a gundumar Madarumfa, daga nan sai Maraɗi.

Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajajen 1807, gidan sarautar da aka ture ya yi arewa, ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi wajajen 1819. Har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai sarautar garin. Layin da ya raba mu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a farkon ƙarni na 20. Ruwa ma bai san da layin ba: kogin da aka tare aka yi madatsar Jibiya shi ne yake gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi.

Wannan kusancin shi ke yaudarar matashi. Yana ganin kamar unguwa ya canza, alhali ya shiga ƙasa mai dokokinta, kuɗinta da jami'anta. Sama da shekara ɗari na mulki daban da makaranta daban sun bar bambance-bambancen da ɗan gari ke ganewa cikin minti ɗaya.

Me ya sa za ka damu?

Baƙunci ba laifi ba ne, kuma mutanen Maraɗi masu karrama baƙo ne. Amma Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya sauka tasha yana waige-waige, waya a hannu, jaka a buɗe, yana tambayar kowa da kowa hanya, shi ɗan sane ke nema, a Maraɗi ko Kano ko Legas. Shi ake tsawwala wa kuɗin mota, shi ake ba canjin da bai cika ba. Akwai kuma batun mutunci: wanda ya shigo garin mutane yana ɗaga murya yana kushe abincinsu da titunansu, ya zubar da ƙimarsa da ta waɗanda suka sauke shi.

Kuɗi: koyi lissafin dala tun daga gida

Sefa ita ce kuɗin Nijar da wasu ƙasashe bakwai na Yammacin Afirka, irin su Benin, Togo, Mali da Senegal. Takardunta su ne 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000, sauran kuma ƙwandaloli ne, kuma ana kashe su sosai, ba kamar namu da suka ɓace ba. Ƙa'idar ita ce, duk adadin da aka faɗa maka da Hausa ka ninka shi sau biyar. Dala ashirin sefa 100 ce, dala hamsin 250, dala ɗari 500. Sefa 1,000 kuma jika ake ce mata. A nan ma akwai tarko, domin a wajen iyayenmu a Najeriya jaka naira 200 ce.

Kawuna ya yi canji a wurin wanda ya saba da shi shekara da shekaru, ya ƙirga a gabansa, ya nemi a haɗa masa da ƙananan kuɗi. Ya raba kuɗin gida biyu: na kashewa a aljihun gaba, sauran a aljihun ciki. Ban taɓa ganin ya zaro damin kuɗi a kasuwa ba. Farashin canji kullum sauyawa yake yi, don haka ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka miƙa nairarka.

Harshe: kunne kafin baki

Mu 'yan makaranta mun saba da Ingausa, ba ma iya jimla uku ba mu jefa Turanci ba. A Maraɗi wannan ce babbar alamar ɗan Najeriya, domin su Faransanci suke surkawa. Makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe. Idan mutum ya ce zai je likita, asibiti yake nufi. Kwastan duwan ne, fetur esansi, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Majalisar da samari ke zama suna dafa shayi fada ake ce mata, kada ka ji an ce "mu tai fada" ka ɗauka gidan sarki za ku. Lambar waya a can guda takwas ce, kuma da Faransanci ake karanto ta bibbiyu. Ranar da ɗan gwaggona ya karanto mini tasa na yi nadamar darasin Faransancin da muke tserewa a ƙaramar sakandare.

Karin harshensu bai yi nisa da Katsinanci ba: za ka ji "tahi", "hura", "lahiya lau", "mi kake so". Na gwada kwaikwayonsu a rana ta biyu, sai 'yan fadar suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "Yi taka Hausar, muna ji." Gaskiyarsa. Kwaikwayon da bai nuna ba yana kama da ba'a. Abin da ya fi shi ne ka yi Hausarka tsantsa, ka rage Turanci, ka sassauta murya, ka riƙa kama kalmominsu kana amfani da su inda suka dace. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ka ga ke nan ka riga ka shigo da babban jari a bakinka.

Gaisuwa kuwa ba a gaggawarta. Kafin ka tambayi farashi ko hanya, yi sallama, tambayi lafiya da gajiya da iyali. Na lura duk shagon da kawuna ya tsaya ya yi gaisuwa cikakkiya, ciniki ya fi zuwa da sauƙi.

Tufafi da tafiya

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Sa'armu ita ce wutsiyar Maraɗi muna da ita a gida: kaftani da hula ga samari, atamfa da hijabi ko babban mayafi ga 'yan mata. Abin da ke fallasa mutum shi ne ƙarin da yake yi: rigar makaranta mai rubutun Turanci ɓaro-ɓaro, ƙaton abin jin kiɗa a kunne, baƙin tabarau, sarƙa da agogo mai ƙyalli. Bar su a gida. Abin kunnen ma haɗari ne, domin babura da adaidaita sun cika titunan garin kuma kana bukatar jin su.

Tun kafin ka fita ka san sunan unguwar da za ka da wata alama kusa da ita, masallaci ko kasuwa ko makaranta, ka kuma tambayi masu masaukinka nawa ake biyan kabu-kabu zuwa can. Ku yi ciniki kafin ka hau. Idan ka ɓace, kada ka tsaya tsakiyar titi kana latsa waya. Shiga shago ka gaida mai shi ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Rubuta lambar mai masaukinka a takarda, domin layinka na Najeriya zai iya daina aiki da zarar ka yi nisa da iyaka.

Waya da hoto

Kuskurena mafi girma tun a bakin iyaka na yi shi. Na hango tutar Nijar na ɗaga waya zan ɗauki hoton da zan ɗora a WhatsApp. Kafin in danna, kawuna ya danne hannuna. "Mayar da ita aljihu. Nan ba wurin hoto ba ne." Wani jami'i ya riga ya gan ni. Ya kira ni, ya duba hotunan da ke wayar, ya yi mini tambayoyi, sannan ya sallame ni da gargaɗi. Motarmu ta yi kusan rabin awa tana jirana, fasinjoji suna ta harara ta.

Ba a ɗaukar hoton shingen jami'ai, barikin soja, jandarmomi ko ofisoshin gwamnati, balle a wannan lokaci da batun tsaro ya yi zafi a ɓangarorin biyu. Mutane ma sai da izininsu. Akwai abin ɗauka da yawa in ka nemi izini: tafkin Madarumfa, babbar kasuwar Maraɗi, jajayen awakin da garin ya yi suna da su, masu shanya kilishi.

Inda sajewa ta ƙare

Wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe. A kasuwa da titi, yi ƙoƙari ka saje. A gaban jami'in iyaka kuwa, kai baƙo ne, kuma dole ka faɗi haka. Faɗi sunanka na gaskiya, garinku, inda za ka, wurin wa, da kwana nawa za ka yi.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba tare da biza ba, amma da takardar tafiya. Abubuwa sun sauya a 'yan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa har zuwa Maris 2024. A 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Don haka kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce. Babban da zai kai ka ya tambayi ofishin shige-da-fice takardun da ake karɓa a lokacin tafiyar. Fasfo shi ne mafi inganci, a haɗa da katin rigakafin cutar shawara.

Za ka iya haɗuwa da masu cewa, "Hau babur mu bi ta daji, in an tambaye ka ka ce kai ɗan Maraɗi ne." Kada ka yarda. Ɓarauniyar hanya ita ce ta 'yan fasa-ƙwauri da 'yan bindiga, ita ce kuma masu safarar mutane ke bi da matasa zuwa Agadas da Libiya da alƙawarin aikin da babu shi. Duk wanda ya ce ka ɓoye sunanka ko garinku ba alheri yake nufinka da shi ba. Kada ka riƙe wa wanda ba ka sani ba jaka ko ƙunshi, ko da dattijo ne, domin abin da aka samu a hannunka naka ne a idon doka. Ɗan sakandare ba ya tsallaka iyaka shi kaɗai, sai da iyaye ko wani babba da suka amince da shi. A kuma yi tafiyar da rana, saboda halin da hanyar Jibiya ta sha shiga.

Ana kan shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Jibiya zai bi. In Allah Ya sa ya kammala, tsararrakinku za su fi namu zirga-zirga a tsakanin garuruwan nan, don karatu ko kasuwanci ko zumunci. Gara ku fara shiri tun yanzu.

Ranar da za mu dawo mun sake tsayawa a Ɗan Isa, na nufi teburin dattijon nan. Na yi sallama, na tambayi iyali da kasuwa, na ɗauki burodi biyu na ajiye masa sefa 400 ba tare da na tambayi farashi ba. Ya ƙirga, ya dube ni ya gane ni.

"Ɗan Katsina, ka iya lissahi yanzu," in ji shi. Ya ƙara mini gutsure guda, ya ce in gaida mutanen gida.