Ko Kun Sani?

Ko da yake tun a shekarar 1965 Amurka ta kafa inshorar lafiya ta Medicare domin dattawan da suka kai shekara 65, alhali kuwa tsufa ba ya rabuwa da jinya, an shafe kimanin shekara 40 ba ta ɗaukar nauyin maganin da likita kan rubuta wa majiyyaci ya saya ya sha a gida. Sai a Disambar 2003, bayan Majalisar Wakilai ta amince da ƙyar, ƙuri'a 220 a kan 215, Shugaba George W. Bush ya rattaba hannu a dokar da ta cike wannan giɓi, aka soma aiki da ita a Janairun 2006. Amma dokar ta haramta wa hukuma yin cinikin farashi da kamfanonin magunguna, har zuwa gyaran da aka yi mata a 2022.