Taɓon Mu'ujiza da Kiwon Murjani a Akwatin Gilashi



Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Mun san jan murjani a wuyan amare tun zamanin da fatake ke ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, murjani dabba ne, kuma dutsen da ake sarƙafawa a zare ƙashinsa ne. Wanda za mu duba yau ɗan'uwan wancan ne, watau murjanin da ke gina tuddai a ƙarƙashin teku mai ɗumi, irin na Bahar Maliya da na gabashin Ostareliya. A Turai da Amurka da Japan akwai ɗimbin mutane da ke kiwonsa a akwatunan gilashi cikin gidajensu, kuma duk inda sha'awa ta haɗu da kuɗi, to, sai ka ga kasuwa ta ci.

Cikin hajar wannan kasuwa akwai taɓo. A shekarun 1990 wani mutum mai suna Leng Sy, mai kamfanin EcoSystem Aquarium a Kalifoniya, ya yi suna da wani taɓo da ya kira Miracle Mud, watau taɓon mu'ujiza. Daga baya wasu suka biyo sawu, kamar Mineral Mud na kamfanin CaribSea da Fiji Mud na Walt Smith. A matsayina na ɗalibin harshe, tilas in ɗan tsaya a kan sunan. Mu a wurinmu mu'ujiza ta annabawa ce, waliyyi ma karama ake ba shi, amma ɗan kasuwar Amurka ba ya jin nauyin liƙa ta a jikin bokitin laka. Tambayarmu ita ce, taɓon nan yana da aikin da yake yi, ko kuwa romon baka ne?

Kafin a amsa, sai an san cutar da aka ce yana magani. Kifin da ke cikin akwati yana ci yana kashi. Kashin nan yakan zama amoniya, ƙwayoyin bakteriya su mai da ita naitirayit, sa'an nan naitiret. Abincin kuma yana barin fosfet. A teku, yawan ruwa yakan tsarma waɗannan sinadarai. A akwati kuwa taruwa suke yi, har gansakuka ta samu taki, ta lulluɓe murjanin ta kashe shi. Saboda haka babban aikin mai kiwo shi ne fitar da wannan dauɗa.

Ga yadda ake aiki da taɓon. Ba a cikin babban akwatin ake zuba shi ba. Akan ajiye wani ƙaramin akwati a ƙasa, a shimfiɗa taɓon kamar kaurin inci ɗaya ko biyu, a dasa wata ciyawar teku da masana ke kira Caulerpa, a kunna mata fitila dare da rana, famfo kuma ya riƙa zagayawa da ruwa tsakanin akwatunan biyu. Mutane da yawa da suka bi wannan tsari sun ga ruwansu ya gyaru, murjaninsu ya yi kyau, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba. Amma fa a lura, abubuwa huɗu aka shigo da su a rana ɗaya: ƙarin ruwa, da ciyawa, da haske, da taɓo. Wanne ne ya yi aikin?

Ciyawa tana girma ne da naitiret da fosfet. Duk sa'ad da mai kiwo ya yanke ta ya zubar, ya zubar da dauɗar da ta zuƙe ke nan. Wannan ba sabon ilmi ba ne, domin Walter Adey ya riƙe tudun murjani a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washinton tun 1980 ta hanyar noman gansakuka a kan faranti, ba tare da taɓo ba. Har wa yau, tarihin ita Caulerpa ya ƙara warware mana zance. A 1984 aka ga wani nau'inta a cikin teku a gindin gidan adana halittun ruwa na Monako, daga nan ta bazu a Bahar Rum tana danne ciyayin asali. A 2000 ta ɓulla a gaɓar Kalifoniya, a 2001 jihar ta haramta nau'o'i tara nata. Ga shi kuma takan ruɓe farat ɗaya ta ɓata ruwa. Sai masu kiwo suka koma ga wata mai suna Chaetomorpha, wadda take kamar curin zare, ba ta kama ƙasa, yawo take cikin ruwa. Ba ta bukatar taɓo ko kaɗan, naitiret kuma bai fasa sauka ba. Ashe kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu sayarwa suna da hujja ta biyu, kuma akwai gaskiya cikinta. A can ƙasan taɓo iskar oksijin ba ta isa, a nan ne wasu bakteriya ke mai da naitiret iskar naitirojin ta fice. Haka ne. Sai dai rairayi ma yana yin haka, kuma da tsakuwar murjani Jean Jaubert ya yi irin wannan aiki a Monako a shekarun 1980. Shimfiɗar da ba iska a cikinta kuwa, ta taɓo ce ko ta rairayi, in ta daɗe tana tara dauɗa aka zo aka tone ta, tana iya sakin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga kifi.

Inda tallar ta fi rauni shi ne batun ma'adinai. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam wajen miligiram 420 a kowace lita, kuma murjani mai ƙashi yana zuƙarsa kullum, tare da kabonet, domin gina jikinsa. A ma'aunin tsami, ruwan teku yana wajen 8.1, kuma a wannan matsayi dutsen alli ba ya narkewa. Masu narkar da shi da gangan sai sun hura masa iskar kabon a cikin wata na'ura har ma'aunin ya sauko wajen 6.5. To, ina shimfiɗar inci biyu za ta biya wannan bukata? Da tana narkewa gwargwadon abin da murjani ke ci, da an gan ta tana ƙarewa da ido. Game da ƙananan ma'adinai kuwa, irin su aidin, matsalar ita ce mai kiwo bai san nawa taɓon ke saki ba, bai san ranar da ya daina ba, iyaka dai an ce ya riƙa sauya wani kashi nasa lokaci-lokaci, watau ya sake saye. Daga shekarun 2010, kamfanoni irin su Triton na Jamus suna karɓar ɗan ruwan akwati ta gidan waya su auna sinadarai fiye da talatin. Wanda ya san abin da ya rasa, sai ya ɗiga shi daidai awo.

Abin da zan yarda wa taɓon da shi shi ne sinadarin ƙarfe. Ruwan saman teku yana da ƙarancinsa ƙwarai, ciyayi kuwa ba su girma sai da shi. John Martin ne ya tsaya a kan wannan ra'ayi a ƙarshen shekarun 1980, kuma gwajin da aka yi kusa da tsibiran Galapagos a 1993 ya nuna zuba ƙarfe a ruwa yana haɓaka ƙananan tsirran teku. Laka tana da ƙarfe, yakan kuma narke inda ba oksijin. Ke nan taɓon na iya ciyar da ciyawar da ke yin aikin, ko da yake 'yar kwalbar ruwan ƙarfe ma za ta yi hakan.

Akwai kuma masu cewa ai a teku ma akwai fadamun laka kusa da tuddan murjani. Akwai su, amma mu dubi taswira. Ba wani kogi mai gudu duk shekara da ke shiga Bahar Maliya, ruwanta garau yake, shi ya sa Sudan take da tudu irin Sanganeb, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Gaɓar Nijeriya kuwa, inda kogin Kwara ke juye laka da ruwan daɗi, ba ta da tudun murjani, sai dazuzzukan mangurob. Murjani yana rayuwa ne da wasu ƙananan tsirrai da ke cikin namansa, su kuwa sai da haske, laka kuma tare haske take yi. Inda mangurob da ciyawar ƙasan teku suke maƙwabtaka da murjani, saiwoyinsu ne ke riƙe lakar kada ta kai gare shi.

Su waɗannan tsirrai masu saiwa su ne ainihin masu bukatar taɓo. Wanda yake son ya raya mangurob ko ciyawa mai saiwa a ƙaramin akwatinsa, taɓon zai yi masa rana. Wanda kuwa aka nuna wa hotunan jiya da yau da shaidar masu saye, sai ya nemi a nuna masa akwatuna biyu masu girma ɗaya, da kifi ɗaya, da ciyawa ɗaya, da fitila ɗaya, wannan da taɓo wancan da rairayi, sa'an nan a kawo masa awon ruwansu da nauyin murjaninsu bayan shekara guda.